Lautaret: hanyar da kat-kat take hawa da ƙarfi, ta kasa tsayawa

Duk wanda ya taɓa tsayawa tashar Agadas da asuba, ya ga yadda ake ɗaure jarkoki da buhuna a jikin Toyota mai shirin faɗawa Tenere, ya san irin amanar da mutanen Nijar suka ɗora wa mota kat-kat. Ɗan kasuwa in ya samu, ita yake fara saye; ma'aikaci in aka tura shi rangadi cikin ƙauyuka da damina, ita yake roƙo a ba shi. An yarda da ita ne domin an gwada ta: ta ƙetare gulbi, ta fita daga laka, ta hau tudun rairayi da kaya niƙi-niƙi. Amma akwai wata hanya a kudu maso gabashin Faransa wadda take mai da wannan amana tarko. Tun da yake ƴan Nijar da dama suna zuwa ƙasar, waɗansu sayen mota, waɗansu ƙaro ilmi ko aiken gwamnati, waɗansu kuwa ziyarar ɗa ko ƙane da yake karatu a can, ya kamata a ba da labarinta.

Hanyar ita ce wadda ta tashi daga birnin Grenoble ta nufi Briançon, ta bi ta wata mashiga tsakanin duwatsun Alpes da ake kira Lautaret. Tsawonta kilomita 115 ne ko kusa da haka, kimanin rabin tafiyar Maraɗi zuwa Damagaram ke nan. Abin da ya raba su shi ne hawa. Grenoble tana kwance a mita 212 bisa teku, Lautaret kuwa yana mita 2058. Domin mai karatu ya auna, dutsen da ya fi kowane tsawo a Nijar, wanda yake a Bagzan cikin Ayar, mita 2022 ne. Wato a nan akwai kwalta, da motocin haya da na kaya suna kai da komowa, a wurin da ya ɗara ƙololuwar Nijar, kuma hukuma tana faman barin hanyar a buɗe duk tsawon hunturu. Maƙwabciyarta ta Galibier, wadda ta rabu da ita a nan Lautaret ta hau har mita 2642, ita rufe ta ake yi idan sanyi ya shigo, ba a buɗewa sai ƙarshen Mayu ko farkon Yuni.

Hawa yana tafe da sanyi. A kowace mita 1000 da aka hau, zafin iska yana raguwa da digiri 6 da ɗoriya. Saboda haka matafiyin da ya baro Grenoble cikin watan Janairu ana yayyafi, ma'auni yana nuna digiri 5, zai iya tarar da digiri 7 ƙasa da sifiri a bisa, kuma yayyafin nan da ya baro ya zama dusar ƙanƙara tun a tsakiyar hanya. Ba a yi masa sallama, ba a kafa masa iyaka. Yana cikin tafiya zai ga abin da yake sauka kan gilashi ya daina gangarewa, ya fara mannewa.

Faransawa sun san halin duwatsunsu, don haka suka yi doka. Tun daga 1 ga Nuwamba 2021, duk motar da za ta shiga garuruwan dutse da perfe na jaha ya lissafta, tsakanin 1 ga Nuwamba da 31 ga Maris, sai ta kasance da ɗayan biyu: ko tayoyin hunturu guda huɗu, ko sarƙoƙin taya a ajiye cikin mota, waɗanda za su ishi aƙalla tayoyi biyu masu ja. Akwai kuma wata irin riga ta yadi da ake sa wa taya, ita ma an yarda da ita a madadin sarƙa. Daga Nuwamba 2024 an ƙara tsaurarawa: taya ba ta shiga lissafin ta hunturu sai tana ɗauke da hoton dutse mai kai uku da ƙwayar dusar ƙanƙara a cikinsa, haruffan M+S su kaɗai ba su isa ba. Abin lura a nan, dokar ba ta ware kat-kat ba. Land Cruiser da ƙaramar Renault duk ɗaya suke a gabanta, kuma wanda ya bi hanyar sau ɗaya ya san ba zalunci aka yi wa Land Cruiser ba.

Bayan Vizille hanya takan shiga kwazazzabon kogin Romanche. Wuri ne matsattse, duwatsu sun tsaya dama da hagu kamar bangon kurkuku, tsofaffin masana'antu na jere a bakin ruwa, kuma da hunturu rana ba ta cika leƙowa ƙasa ba. A nan ne ake fara gamuwa da abokin gaba na ainihi, wanda ba dusar ƙanƙara ba ne. Ita dusar ana ganinta, fara fat, tana sa mutum ya shiga taitayinsa. Mugun shi ne ruwan da ya daskare a kan kwalta ya zama siririn gilashi mara launi, wanda ido yake ɗauka jiƙa ce kawai. Ya fi son inuwa, da bakin ramukan da aka fasa cikin dutse, da kan gada, domin gada iska tana bugunta sama da ƙasa, takan daskare kafin sauran hanya. Masu wurin suna da wata alama: idan kwalta tana ƙyalli kamar jiƙaƙƙiya, amma tayoyin motar da ke gaba ba su fesa ruwa, kuma ƙarar taya ta yi shiru, to ba ruwa ba ne. Motocin hukuma suna watsa gishiri, gaskiya ne, sai dai gishiri ƙarfinsa yana raguwa ƙwarai idan sanyi ya doshi digiri 10 ƙasa da sifiri.

A nan ya kamata a tsaya a duba abin da kat-kat take yi da abin da ba ta yi. Kowace taya tana taɓa ƙasa ne a fili kamar tafin hannu. Mota komai girmanta a kan tafin hannu huɗu take tsaye. Ƙaramar mota tana tura ƙarfin inji ta biyu daga cikinsu, kat-kat tana raba shi huɗu, shi ya sa take tashi a inda wata za ta tsaya tana murza taya. Nan alherinta ya ƙare. Birki kuwa, kowace mota a duniya tayoyi huɗu take kamawa, tun daga tsohuwar Peugeot 504 ta tashar Tawa har zuwa kat-kat ɗin minista. Wajen tsayawa babu wadda ta fi wata sai da taya. Lissafin ba shi da wuya. Motar da take gudun kilomita 50 a awa, in aka taka birki a busasshiyar kwalta, takan tsaya cikin mita 14 ko 15. A kan dusar da motoci suka tattake, sai ta ci wajen mita 50. A kan ƙanƙara tsantsa tana iya cin mita 100, tsawon filin ƙwallo. Ba a ma lissafta mita 14 da take shafewa a kowace daƙiƙa kafin ƙafar direba ta isa birki ba.

Muguntar abin kuwa ita ce kat-kat tana ɓoye gargaɗi. Mai ƙaramar mota tun daga fitowa ƙofar gida tayoyinsa za su zame, gabansa ya faɗi, ya san yau ba ranar gudu ba ce. Mai kat-kat zai tashi lafiya lau, ya hau tudu lafiya lau, ya wuce waɗanda suka tsaya gefe suna ɗaura sarƙa yana yi musu kallon tausayi, gudu yana ƙaruwa bai sani ba, har ya iso kwanar farko mai gangara. A nan ne zai ji labarin da sauran suka ji tun da safe, amma shi da gudun kilomita 70, cikin mota mai nauyin fiye da tan 2, doguwa, wadda in ta daki tudun gefen hanya a karkace ba ta da wuyar kifewa. Rashin sani, in ji masu iya magana, ya fi dare duhu.

Direban da ya goge a rairayi yana da wata matsala ta dabam, domin hannunsa da ƙafarsa sun riga sun koyi darasi, kuma darasin nan daidai ne a inda aka koye shi. A Tenere gudu shi ne ceto: wanda ya sassauta a gindin tudu ya nutse. Ana rage iskar taya domin ta baje, ana ba mota wuta, ana murza sitiyari da ƙarfi, in an ɗaga ƙafa kuma rairayin da kansa yake riƙe motar. Ƙanƙara ba ta riƙe komai. Duk abin da aka yi da gaggawa, ko totur ne, ko birki, ko sitiyari, yana tsinke ɗan riƙon da ya rage tsakanin roba da ƙasa. Rage iska kuwa ba shi da amfani a kan kwaltar da ta daskare. Sanyi ma da kansa yana rage ta, sai dai a duba a ƙara. Haka nan tayoyin nan masu manyan haƙora da ake alfahari da su a laka, a kan ƙanƙara kamar takalmin ƙarfe suke. Robar taya ta yau da kullum takan fara taurarewa idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7; ta hunturu an haɗa ta ne domin ta zauna da laushi, kuma an tsattsaga ta da ƙananan tsagogi masu yawa waɗanda suke cizon ƙasa. Shi ya sa ba abin mamaki ba ne a ga wata tsohuwa ta ƙauyen dutse cikin ƴar ƙaramar mota mai tayoyin hunturu ta wuce babbar kat-kat ta baƙo da ta juya tana kallon inda ta fito.

Bayan Bourg-d'Oisans, a mita 720, hawan gaske yake farawa. Hanya ta maƙale a jikin dutse, rami yana ƙasa, tana shiga duhu tana fita. Wannan shiga da fita yana da nasa hukunci ga irin su Hilux da tsofaffin Land Cruiser, waɗanda in aka sa su a huɗu, gaba da baya suke ɗaurewa wuri guda. A kan dusa wannan ɗauri yana da kyau. A kan busasshiyar kwalta, cikin kwana, yana sa ƙarafan mota su yi ta kokawa da juna, tayoyi suna tsalle. Sai direba ya san irin motarsa, ya san lokacin sawa da lokacin cirewa. Makullin da ke ɗaure tayoyin baya su juya tare kuwa, na fita daga rami ne kawai. Wanda ya bar shi a kulle ya shiga kwana mai santsi, motar gaba za ta miƙe ko ina ya juya sitiyari.

A mita 1040 akwai madatsar ruwa ta Chambon, wadda aka gama a 1935. A nan ne cikin Afrilu 2015 gefen dutse ya fara zamewa, ya murƙushe ramin da hanya take bi, aka rufe ta. Mutanen ƙauyukan bisa suka wayi gari an yanke su daga kwarinsu. Waɗansu da kwale-kwale suka riƙa ƙetare tafkin domin zuwa aiki, har aka buɗe wata ƴar hanyar agaji a ɗaya gaɓar cikin Nuwamba na wannan shekara. Sai a ƙarshen 2017 aka kammala sabon rami. Wanda ya san abin da yankewar gada ɗaya take yi wa farashin hatsi tsakanin Ƙonni da Doso ba ya bukatar a yi masa bayani.

La Grave ƙauye ne na gidajen dutse a wajen mita 1500, yana fuskantar wani tsauni mai suna Meije, mita 3983, wanda ƙanƙara ba ta sauka daga kansa ko da bazara. Idan sama ta ɓaci, wajen nan ne ake yawan ganin allo mai shuɗi, zagayayye, da hoton taya sanye da sarƙa, wani lokaci da jandarmomi a tsaye kusa da shi. An tanadi filaye a gefen hanya domin ɗauri. Kallon wurin ranar Asabar ta hutun makarantu cikin Fabrairu, lokacin da mutanen birane suke tururuwa zuwa wasan zamiya, abin dariya ne da ban tausayi: manyan mutane a durƙushe cikin dusa, yatsu sun ƙage, suna karanta takardar bayani da fitilar waya, sarƙa ta harɗe kamar igiyar guga. Mai hankali yakan gwada ɗaurin tun a gida, da rana, a busasshiyar ƙasa, ya kuma duba littafin motar ya ga ko gaba ake ɗaurawa ko baya, domin kat-kat ba duka suke ɗaya ba. Bayan an ɗaura a yi ƴar tafiya kaɗan, a tsaya a ƙara ɗamewa. Da sarƙa ba a wuce kilomita 50 a awa.

Daga Villar-d'Arêne itatuwa suke ƙarewa. Fili ya buɗe, fari daga ƙasa har sama, kuma iska ta samu wurin wasa. A nan ɗan Agadas zai ga abin da ya sani: iska tana kwasar dusa tana tara ta a kan hanya tudu-tudu, kamar yadda take yi da rairayi, har motar shara ta wuce yanzu, bayan rabin awa a rasa sawunta. Wani lokaci sama da ƙasa sukan haɗe su zama abu ɗaya, ido ya rasa inda kwalta ta ƙare. Domin haka aka kakkafa dogayen sanduna a gefen hanya, aikinsu ɗaya da alamomin ƙarfe da ayarin Berliet ya kafa a Tenere a 1959 da 1960. Dokar hanya ta Faransa ta ce in ido ba ya ganin abin da ya wuce mita 50, kada gudu ya wuce kilomita 50 a awa a kowace irin hanya. A bisa Lautaret cikin guguwa, rabin wannan ma ganganci ne. Idan abin ya yi tsanani, ko ana tsoron dusa ta ɓalle daga gangaren dutse ta rufto, hukuma takan saukar da shinge ta rufe mashigar, a jira gari ya waye. Wanda ya kewaye shingen domin yana da kat-kat, shi kaɗai zai kwana a can.

Idan kuwa mota ta maƙale, ƙa'idar hamada ce take aiki: ba a barin mota a tafi neman taimako a ƙafa cikin guguwa. Lambar gaggawa ita ce 112. Bargo, ruwa, abinci, shebur da tanki cike, duk kayan da ba a shiga Tenere sai da su, nan ma su ne. Abu ɗaya ne babu irinsa a hamada: in dusa ta toshe bututun hayaƙi, inji yana aiki domin ɗumi, hayaƙin yakan dawo cikin mota, ba wari ba launi, ya kashe mutum yana barci. Sai an riƙa fita ana share bayan motar, ana kunna inji na ɗan lokaci ana kashewa. Gazuwal ma yana da nasa hali. Akwai kakin da yake cikinsa wanda sanyi yake daskarar da shi ya toshe matata. Wanda ake sayarwa a Faransa da hunturu an shirya shi ya jure har digiri 15 ƙasa da sifiri, amma wanda ya kwana a tanki tun bazara ba haka yake ba. Shi kuma mai al'adar zuba ruwan famfo tsantsa a lagireto, kamar yadda ake yi a garejojin Maraɗi ba tare da wata illa ta nan take ba, dare ɗaya a La Grave ya isa ruwan ya daskare ya fasa inji.

A kan mashigar akwai ƴan gine-gine, da wani lambun tsirran dutse da jami'ar Grenoble ta kafa a 1899, wanda yake barci ƙarƙashin dusa rabin shekara. Akwai kuma wani tarin duwatsu da aka gina domin tunawa da wani Bature ɗan Ingila, kyaftin Robert Scott. A watan Maris 1908 ya zo nan tare da Bafaranshen nan Jean-Baptiste Charcot, suka gwada wasu kekunan ja masu inji da aka ƙera domin tafiya kan ƙanƙara. Scott ya tafi ƙarshen kudancin duniya a 1910 da irin waɗannan injuna guda uku. Ɗaya ya fasa ƙanƙara ya nutse cikin teku tun ana sauke kaya, biyun suka lalace a farkon tafiya. Ya isa inda ya nufa da ƙafa a 17 ga Janairu 1912, ya tarar Amundsen ɗan Norwe, mai karnuka, ya riga shi da wata guda. A kan hanyar dawowa ya mutu shi da mutanensa huɗu.

Saura gangara, kilomita 28 zuwa Briançon, kuma ita ce ta fi hawan haɗari, ko da yake ba ta da tsanani a ido. Tun kafin a fara ta ake sa ƙaramar giya, a bar inji ya riƙe mota, ƙafa tana taɓa birki a hankali a inda hanya ta miƙe, ba a tsakiyar kwana ba. Tazarar da ake bari tsakanin mota da mota a ninka ta sau da yawa. Motocin yanzu suna da na'urar ABS mai hana taya kullewa. In aka taka da ƙarfi sai birkin ya riƙa karkarwa ƙarƙashin ƙafa, wanda bai sani ba ya firgita ya ɗaga, alhali karkarwar ita ce aikin, ci gaba da takawa ake yi ana juya sitiyari. Na'urar ba ta ƙara wa ƙanƙara riƙo, iyakarta ta bar wa direba ikon juyawa. In bayan mota ya fara zamewa gefe, a ɗaga ƙafa a hankali, a kalli inda ake son zuwa, a juya can. Ido yana jan hannu: wanda ya ƙura wa sanda ido, sandar zai daka. Itaciyar Tenere, wadda ba ta da maƙwabciya ko kusa, mota ce ta kayar da ita a 1973.

A Monêtier-les-Bains, wajen mita 1500, sau da yawa baƙar kwalta takan sake bayyana, sai a tsaya a kwance sarƙa, domin a busasshiyar hanya tana cin taya tana cin kwalta. Briançon tana mita 1326, da ganuwarta da Vauban ya tsara a zamanin sarki Louis na 14, wadda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2008. Daga nan kilomita 12 ne kawai zuwa Montgenèvre, bakin iyakar Italiya. Tun daga 2017 samari da mata daga Afirka ta Yamma suna ƙetaro waɗannan duwatsu da dare, a ƙafa, suna kauce wa hanya domin gudun masu tsaron iyaka, da yawansu da takalmin ƙwallo da ƴar riga. Waɗansu an yanke musu yatsun da sanyi ya kashe, waɗansu sai da dusa ta narke aka ga gawarsu. A cikinsu akwai waɗanda suka bi ta Agadas, suka ƙetare Tenere a bayan Hilux, ƙafafu suna reto a waje, kowa ya rungumi sandar da aka kafa masa domin kada ya faɗo.